Kafin ka sayi gida a cikin birnin Kano saboda Hawan Sallah da tarihi

Duk shekara in Sallah ta wuce aka cika Facebook da TikTok da hotunan dawakai, sai ka ji mutanenmu mazauna Abuja da Legas da Jidda da Kumasi sun fara cewa kai, ni fa dole in mallaki gida a cikin birni ko da ɗan madaidaici ne, inda in na zo Sallah zan leƙo daga bene in ga wucewar Sarki, yarana ma su san daga inda suka fito. Wasu kuma lissafin kuɗi suke yi, wai tunda UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, ai Turawa za su yi ta tururuwa, a sayi gida a gyara a riƙa saukar baƙi ana karɓar dala. Na farkon ina tare da su ɗari bisa ɗari, na biyun kuma ina da ja, zan zo kansu. Amma ko wanne ne kai a ciki, hanyar sayen ɗaya ce, kuma ba irin ta sayen fili a sabuwar unguwa ba ce inda za a nuna maka turaku huɗu a ce ga naka.

Fara da tambayar kanka me ya ja ka tukunna, don "cikin birni" ba wuri ɗaya ba ne. In sarauta ce da hawa, to idonka na kan kewayen Gidan Rumfa ne, wato wajen Ƙofar Kudu inda ake jahi, da Gidan Makama da ke kusa da nan, wanda yanzu gidan tarihi ne, da Babban Masallaci, unguwanni irin su Yakasai, Soron Ɗinki, Gwangwazo, Kabara, Mandawari. In kuwa kasuwanci da sana'ar gargajiya ne suka ɗauki hankalinka, sai ka karkata wajen Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, can ne su Alfindiki da Sharifai da Bakin Zuwo, inda har gobe za ka samu kayan doki da na fata da turare da littattafan addini a lungu ɗaya. Mai son tsohon tarihi na su Barbushe kuma gindin Dala zai nufa, Madabo, Adakawa, Gwammaja inda gidan Mambayya na Malam Aminu Kano yake. Kowanne ɓangare da irin hayaniyarsa da irin mutanensa da irin matsalarsa, kada ka bari dillali ya haɗe maka su ya ce ai duk birni ne Alhaji.

In ka zaɓi ɓangare, kada ka fara neman gida, fara neman sanin unguwar, kuma ba ranar Sallah ba. Ranar Sallah ko'ina kyau yake, an share, an sha kwalliya, kowa na fara'a. Je ka ranar Talata da tsakar rana lokacin da babu komai. Misali in wajen Ƙofar Mata kake so, shiga marinar da ake cewa tun 1498 take, ka tsaya ka ga dattijo zaune bakin rami hannunsa ya rine har gwiwar hannu yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa ya sha iska ya sake tsomawa, ka shaƙi warin baba da toka, ka ji ƙarar mabuga suna dukan shadda tim-tim ba ƙaƙƙautawa, sannan ka ƙirga ramuka nawa ne ke aiki nawa ne suka bushe. Ga mai yawon buɗe ido wannan abin rabin awa ne da hoto, ga maƙwabci kuwa kullum ne. In har ranka ya ji daɗin wurin a irin wannan rana to ka kama hanya. Sannan ka dawo ranar Juma'a wajen ƙarfe ɗaya ka ga yadda hanya ke cushewa, ka dawo da dare bayan isha'i ka ga su waye ke zama a bakin lungun, majalisar dattawa ce ko ta samarin da za su sa ka ɓoye wayarka, ka tambayi mai shayi ko ana faɗan daba a nan, zai gaya maka gaskiya fiye da duk wanda ke da la'ada a cinikin. Uwa uba ka dawo a watan Agusta ana tsaka da ruwa. Gidan da ba ka gan shi da damina ba cinikin biri a sama ka yi, don akwai lungunan da in an yi ruwan awa biyu kwata ke haɗewa da zaure.

Akwai kuma ranakun da unguwar ba taka ba ce. Hawan Daushe washegarin Sallah da yamma, Hawan Nasarawa kashegarinsa, sannan na Ɗorayi ko Fanisau, duk hanyar da Sarki zai bi da lungunan da ke ɓullewa cikinta a toshe suke da mutane da dawakai tun kafin lokaci. Gindin Dala ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ba masaka tsinke. Kabara ranar Maukibin Ƙadiriyya haka. Wannan shi ne abin da ka zo nema, na sani, amma ka yi tunanin in kana da tsohuwa mai hawan jini ko iyali na da tsohon ciki, ta ina za a fitar da su a irin wannan rana. Asibitin Murtala yana nan Ƙofar Mata ba nisa, sai dai kusa ba ta da amfani in motarka na cikin lungu an rufe bakinsa. Ka ma duba ko motar na shiga lungun tun asali, da yawa ba ta shiga, ko adaidaita sahu sai ta ajiye ka a titi ka ƙarasa da ƙafa, ka san inda za ka riƙa kwantar da ita da abin da ake biyan mai gadi.

To yanzu babbar magana, gado. Mafi yawan gidajen cikin birni da ake sa wa kasuwa gidajen gado ne, kuma ba gadon jiya ba, wani gidan kakan kaka ne ya mutu ba a raba ba, 'ya'yansa suka mutu ba a raba ba, yanzu jikoki da tattaɓa kunne ne ke da haƙƙi, wani yana Fatakwal, wata tana aure a Damagaram, wani ya tafi Sudan tun yana saurayi ba a san ko yana raye ba. Wanda zai kawo maka tallan gidan galibi shi ne babban namiji da ke zaune a ciki, zai ce maka ai duk mun yarda Alhaji, ni ne wakili. Kada ka ƙaryata shi, amma kada ka ba da ko kafin alƙalami a kan wannan maganar. Ka nemi a rubuto maka sunayen magada kaf, maza da mata, da waɗanda suka rasu bayan mai gidan da nasu magadan, don rabon wanda ya rasu daga baya ba ya faɗuwa, 'ya'yansa da matansa yake komawa. Mata ne aka fi tsallakewa a nan, kuma su ne bayan shekara biyar ɗansu zai girma ya kai ka kotu. In akwai marayun da ba su balaga ba sai da waliyyinsu, kuma ya fi maka kwanciyar hankali alƙali ya san da maganar. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a je kotun shari'ar Musulunci ta tabbatar da magada ta yi rabo ko ta ba da izinin sayarwa, ka karɓi kwafin hukuncin ka haɗa da takardunka. Eh zai ja lokaci, masu sayarwa za su yi ta ƙorafi wai kana wahalar da su, wai akwai wani Alhaji da ya taya zai biya gobe, ƙyale su, in ya biya Allah ya sa masa albarka.

Sai ka kula da sayen ɓangare. Za a ce maka ai sashe ɗaya ne za a yankar maka, ɗaki uku da tsakar gida, sauran 'yan uwa na ɗaya sashen. A fiƙihun Malikiyya akwai shuf'a, wato in abokin tarayya ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayya na da ikon su mayar maka da kuɗinka su karɓe kason. Kenan ka gama gyara ka sa tayil wani ya zo da kuɗi a leda ya ce fita. Don haka sai an raba an ja katanga, an san ƙofar kowa, an san zauren na wa ne, rijiya ta wa ce, masai na wa ne, ruwan wa ke bi ta gidan wa. Ka kuma tambaya ko akwai ɗakin da aka yi waƙafi da shi, ko soron da makarantar allo ke ciki shekara da shekaru, ko wata gwaggo da aka ce ta zauna har ƙarshen ranta. Irin wannan ba ya cikin takarda, a bakin maƙwabta yake.

Shi ya sa zuwa wurin mai unguwa ba al'ada ce kawai ta gaisuwa ba. Ka je da kanka, ba dillali kaɗai ba, ka cire takalmi ka gaishe shi yadda ya kamata, ranka ya daɗe ni ne mai son gidan marigayi Malam wane, na zo in ji ko akwai magana a kansa. In ya ce babu komai Allah ya sanya alheri, madalla. In ya yi shiru ya ce to, a dai bi a hankali, ka fahimci yaren, akwai magana. Daga nan ka gaida limamin masallacin lungun da tsofaffi biyu uku, musamman tsofaffin mata, Iya ko Hajiya da ke maƙwabtaka ta san wa aka haifa a wane ɗaki da wanda aka hana gado.

Ɓangaren gwamnati kuma daban. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana, abin da kake saya haƙƙin zama ne, kuma a cikin gari sauya hannu na buƙatar amincewar gwamna. Tsofaffin gidajen birni da yawa ba su da C of O sam, wato takardar shaidar haƙƙin zama da gwamnati ke bayarwa, abin da ke akwai takardar ciniki ce ta hannu, wata ma da ajami, da sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. Wannan ba ya nufin gidan na rikici ne, haka birni yake, amma ka ɗauki lauya da safiyo naka na kanka, a auna, a je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, da ma'aikatar ƙasa a bincika ko wani ya taɓa yin takarda a kan wurin ko an jinginar da shi a banki, sannan bayan ciniki ka fara neman taka takardar, ta gidan zama yawanci shekara 99 ake bayarwa. In da C of O ɗin, kada ka yarda da fotokwafi, a kai lambar a duba fayil a ga sunan wa ke ciki da bashin kuɗin ƙasa na shekaru nawa ya taru. Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun da magada suka amince a rubuce, gaban shaidu. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a yi sallama, a kuma san dillalai nawa ne, don ranar biya sai ka ga mutum shida sun bayyana kowa na cewa shi ya fara jin labarin gidan.

Wani tarkon da masu son tarihi ke faɗawa shi ne gida jikin ganuwa. Ana jin daɗin faɗa, gidana yana jikin badala. Ganuwar nan Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki wajen 1095 zuwa 1134, tana cikin kayan tarihi na ƙasa da doka ta kare, kuma tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin na duniya. An cinye ta da gine-gine a wurare da dama, gaskiya ne, amma cewa wasu sun yi an ƙyale su ba hujja ba ce. Wanda ya ga rusau ɗin watan Yunin 2023, shagunan Filin Idi da gine-ginen tsohon otel ɗin Daula, ya san cewa abin da gwamnati ɗaya ta ba da takarda a kai wata na iya zuwa ta ce filin jama'a ne. Duk abin da ke kan badala, ko gefen maƙabarta, ko cikin filin makaranta ko na masallaci, ko kan kududdufin da aka cike da shara aka yanka, ka bar shi ko da rabin kuɗi ne. Na kan kududdufi ma ko ba a rushe ba ƙasar ce za ta riƙa zama, bango ya tsage, ruwa kuma bai manta hanyarsa ba. Ka leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka tambaya ko akwai shirin faɗaɗa titi ta wurin, kuma duk ginin da za ka ɗora, musamman bene, sai da izininsu.

Maganar bene ma, tunda burin da yawa kenan su hango hawa daga sama. A cikin birni tagar da ke kallon tsakar gidan maƙwabci fitina ce, matan mutane na girki suna wanki a tsakar gida, ba wanda zai yarda. Ka tsara tagoginka su kalli titi, na baya a ɗaga su sama ko a toshe, ka kuma gaya wa maƙwabta kafin ka fara, ba su wayi gari su ga birkila a kansu ba.

Shi kansa ginin, in na ƙasa ne mai azara da zanko da zaure mai daurin guga, ni dai ina roƙonka kada ka yi saurin sa katafila. Irinsu ƙarewa suke, kuma duk wanda ya kwana ɗakin soro a watan Afrilu ya san bambancinsa da ɗakin bulo da kwano. Amma ka duba shi da idon basira. Ɗauki makullin motarka ka soki azarar, ta giginya mai kyau tauri gare ta makulli ba ya shiga, in ka ji ta yi laushi gari na zubowa to ta sha ruwa ko gara ta samu hanya. Dubi gindin bango daga waje, nan ne ruwa da gishirin ƙasa ke ci har ya rarake. Hau kan soron ka ga ko ruwa na kwanciya, ka bi indararo ɗaya bayan ɗaya ka ga ina suke zuba, in cikin gidan wani ne to ka gaji rigima. In ka ga an lulluɓe ginin ƙasa da siminti ya yi sumul, ƙwanƙwasa ka ji, sau da yawa ya saki daga ciki, danshi ya maƙale a baya yana cin ƙasar. Kuma ka sani ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, magina na gargajiya da suka iya makuba sun yi ƙaranci, ka nemo naka tun kafin ka saya ka ji kuɗinsa. Rijiya ka ɗanɗana ruwan, wasu na zartsi ne, wasu kuma sun yi kusa da masai, ka tambayi nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a lungun da rani, ka duba ko akwai tsohon bashin wuta a kan gidan, ka sa kuɗin sola cikin lissafi tun yanzu.

Na ce zan dawo kan masu lissafin dala. Hawa kwana kaɗan ne sau biyu a shekara, kuma ba tabbas gare shi ba, a 2020 korona ta hana, a 2024 da 2025 ma an yi Sallolin da jami'an tsaro suka dakatar da hawa saboda rikicin masarauta. Baƙon waje da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano kuma otel yake nufa wajen Nasarawa ko Bompai inda akwai wuta da ruwa da wurin ajiye mota, ya shigo birni da rana ya ga Gidan Makama da marina ya hau Dala ya koma. Sannan cikin birni ba wurin da za ka buɗe gidan saukar baƙi ba ne kowa ya shigo da wadda ya ga dama, maƙwabta ba za su lamunta ba, mai unguwa zai kira ka, Hisba ma na nan. Abin da ke tafiya shi ne irin na fatoma na da, baƙon da aka sani ta hannun wanda aka sani, ɗan kasuwar da ya zo sari Kwari ko Kurmi daga Nijar ko Chadi ko Kamaru, ɗalibi mai bincike da jami'a ta turo, iyalin da suka zo biki ko Maukibi. Waɗannan suna zuwa duk shekara ba sai da Sallah ba. In kuwa haya kake so tsantsa, shago a bakin titi ko gidan da iyali za su kama na shekara ya fi maka duk wani mafarkin Turawa.

In ka auna duk wannan ka ga ba za ka iya da lungu ba, ba laifi ba ne ka sayi naka a bayan ganuwa, Gandun Albasa ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Sharaɗa ko Kabuga, inda akwai awon gwamnati da titi, in ka shigo ta Ƙofar Na'isa ko Ɗan Agundi ko Ƙofar Nasarawa ka isa fada cikin ɗan lokaci. Can ma dai ka bambance awon gwamnati da awon igiya, wato filin da masu shi suka yanka da kansu, kafin ka biya.

In kuma ka saya a cikin, kada ka kulle ka tafi sai wata Sallar. Gidan ƙasa da ba kowa damina biyu ta ishe shi, ga ɓeraye, ga samarin da za su mayar da zauren wurin shaye-shaye a ce gidan wane ne. Ka sa ɗan uwa mai iyali a sashe ɗaya da yarjejeniya a rubuce, ko da ba ya biyan ko sisi, a rubuta cewa aro ne da ranar da za a sabunta, gaban mai unguwa, ka bar masa kuɗin yaɓe da na gyaran kwata, ka shiga cikin masu ba da na gyaran masallaci da na 'yan sintiri, ka ba maƙwabcin da ke jikinka lambar wayarka da ta wanda zai iya zuwa cikin awa guda in wani abu ya taso.